Jirgin da Muka Ɗaure a Turmi

Mijina mai walda ne, amma a bakin iyakar Jibiya ba wanda ya san shi da wannan. Mai ƙarin sifirin ake ce masa. Direba zai kawo masa mota yadda masu ita suka ƙera ta, ya shiga ƙarƙashinta ya ƙara mata ganyen sifirin, ya liƙa wa ƙashin bayanta ƙarfe, ta fito tana ɗaukar ninkin kayan da aka yi ta dominsu, ta haura Maraɗi ba ta durƙusa ba. Aikin da ya tashi a ciki ke nan, kuma a nan ya samo aƙidarsa: duk abin da ya karye, wanda ya ƙera shi ne ya yi rowar ƙarfe. Mu na gida mu muka fi kowa shan wannan aƙida. Ƙofar ɗakinmu sai na sa kafaɗa take buɗuwa. Kujerar tsugunona ta katako ta tsage, ya yi mata ɗamara da ƙarfe, har yau in na yi tuntuɓe da ita ni ke jin jiki. Amma ba zan ci haƙƙinsa ba, ban taɓa ganin abin da ya gyara ya sake karyewa ba.

Da aka rufe iyaka, layin manyan motocin nan da ke kaiwa har cikin gari ya watse. Ni awara nake soyawa a gida ana kai wa direbobi tasha, sai ta koma ta maƙwabta kawai, su ma ɗin ba kullum ba. Shi kuwa bai fasa fita ba. Zai yi wanka, ya sa kayan aikinsa, ya tafi gareji ya zauna, ya dawo da azahar hannunsa fes. Hannun nan fes shi ya fi komai tayar mini da hankali, don tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin farcensa fari ba.

Ana cikin haka wani abokinsa direba, mutumin Maraɗi, ya biyo ta hanyar daji a kan babur ya zo mana. Suka zauna a zaure. Na aika musu da fura, ni kuma na tsaya bayan ƙyaure ina gyaran tsintsiyar da ba abin da ya same ta. Abokin ya ce yanzu shi arewa yake jigila, can bayan Agadas inda ake haƙar zinariya.

"Can irinka ake nema ido ruhe," in ji shi. "Motocin da ke shiga rairayin nan kullum cikin karyewa suke. Ka zo mu tahi, ka bar zaman ga."

Wana da nake bi can ya tafi shekarun baya. Ya kira mu farko-farko, daga nan shiru, har yau ba mu san ko sadaka za mu yi masa ko jira ba. Mijina ya san wannan, a gabansa aka yi.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na leƙa ta kafar ƙyaure, sai na ga wani abu ja a hannunsa yana jujjuyawa. Ashe tsaraba ce abokin ya kawo wa yara, wani ɗan jirgin sama irin mai saukar ungulu, wanda ya tsinta cikin tarkacen da wani mai gidansa ya ce a zubar. Tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba. Da babbar farfela a ka, da ƙarama a wutsiya, da rimot mai 'yan sanduna biyu da ake tuƙa shi daga ƙasa. Ƙafa ɗaya ta karye, wutsiyar kuma ta tsage a gindi.

"Wanga abin tashi shikai?" mijina ya tambaya.

"Da dai shina tashi. Abiyo na, jirgin sama na gaske, ƙanƙanta kawai."

"To ran da yat tashi, ni ma na tashi."

Abokin ya bushe da dariya. "Ka hwaɗa?"

"Na hwaɗa."

Shi baƙon, wasa ya ɗauke ta. Ni da nake zaune da mutumin na san ba ya wasa da "na faɗa". Ya taɓa cewa ba zai sake shan shayin wani mai shayi ba saboda wata magana, mutumin har ya rasu bai sake zama a bencinsa ba. Na koma tsakar gida na zauna, na rasa ma me zan fara tunani. Miji dai ya rataya tafiyarsa a wuyan abin wasan yara, kuma ban san ko dabarar ƙin tafiya ce ya yi, ko kuwa hanya ce ya nema da ba za a ce shi ya zaɓa ba.

Yaran da aka kawo wa tsaraba ko taɓawa ba su samu ba. Washegari bai je gareji ba. Ya shimfiɗa buhu a inuwar ɗaki, ya kwance jirgin ɗaiɗai, ya jera 'yan kusoshinsa cikin murfin kwanona don kada su ɓace. Ya karɓi tsohuwar lemata ya zare mata ƙarfe ɗaya, ya lanƙwasa da filaya, ya yi wa jirgin sabuwar ƙafa. Wutsiyar kuma ya naɗe ta da zaren ɗinki, ya ɗiga mata sufa gulu, ya barbaɗa toka, ta kama ƙam. Ya kai batirin wajen mai cajin waya. Da ya dawo na ga yatsunsa sun yi baƙi, kuma Allah ya sani daɗi na ji, na ma manta me aikin yake nufi.

Kafin ya gwada sai da ya kwance igiyar shanyata. Ya ɗaura bakinta ɗaya a ƙafafun jirgin, ɗayan a ƙugun turmi. Na ce wannan kuma fa? Ya ce ke ba ki da hankali, a garin nan abu ya haura katanga yana ƙugi a sama? Gaskiyarsa ne. Ga jami'an tsaro ko'ina, ga mutanen daji da kowa ke kwana da fargabarsu. Wani ya hango abu ja yana shawagi kan rufi, kafin ka yi bayani rabin unguwa ta kwashi 'ya'yanta, kai kuma kana can kana amsa tambayoyi. Don haka jirginmu tun ranar farko a ɗaure yake kamar akuya.

Ya tsuguna nesa kaɗan, ya tura sandar hagu a hankali. Farfela ta fara juyawa, ta yi ƙara, kajina suka watse. Jirgin ya yi rawa a kan ƙafafunsa, ya ɗaga daga ƙasa kamar faɗin tafin hannu. Sai ya shiga juya kansa yana hajijiya, ya karkata, farfela ta daki ƙasa, ya kifa.

"Maigida, wanga tashi ne?" na tambaya.

"Wanga zabura ce. Tashi shi ne shi kai tsayin kaina, shi tsaya, shi sauka bisa ƙahwahunshi."

Na ce to. Na shiga ɗaki na yi hamdala, sannan na leƙo na gan shi tsugune yana tattara gutsattsarin roba a tafin hannunsa, sai kuma tausayinsa ya kama ni. Daga ranar haka na zauna, rabi da rabi.

Abin da ya karye a faɗuwar nan ɗan maƙallin roba ne da ke riƙe reshen farfela. Ya ɗaga shi sama yana tsaki, ya ce dubi abin da mutane ke ƙerawa don Allah, kamar ƙashin kifi. Ya yanko ƙarfe ya goge, ya huda, ya yi masa sabo. Da aka sake gwadawa maƙallin bai karye ba, sai sandar tsakiya da farfela ke zaune a kai ta lanƙwashe. Ya miƙe ta, ya zura mata wani ɗan bututu a waje ya liƙe. A gwaji na gaba sanda ta tsaya lafiya, sai haƙoran giyar roba da ke ƙasanta suka zube. Duk inda ya toshe, karayar sai ta matsa gaba ta nemi wani wuri, shi kuma yana bin ta da ƙarfe.

Ƙafar lema ya ce ta yi laushi, ya cire ya sa wayar ƙafar keke, ninki biyu. Wutsiya ya zura mata ƙarfe a ciki tun daga gindi har ƙarshe. Da wutsiyar ta rinjayi gaba, jirgin ya koma zama a kan ɗuwawunsa, sai ya ɗaura masa noti a hanci don ya daidaita. Ya yanko faranti daga jikin wani tsohon kwanon rufi ya yi masa shimfiɗa a ciki. Reshen farfela ɗaya ya ɓantare a baki, ya cike shi da gam da toka, sai ya fi ɗan'uwansa nauyi, jirgin ya riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi. Maimakon ya rage wa wannan, sai ya ƙara wa wancan. Giyar kuwa kwana da kwanaki ya yi yana sassaƙa ta da 'yar zarto daga wani guntun tagulla, haƙori bayan haƙori, har idonsa ya yi ja. Aikin kam ya yi kyau, ko maƙiyinsa ya gani zai yaba.

Yana kuma kallon bidiyo a wayarsa, na waɗansu mutane masu irin wannan jirgi, suna magana da yaren da daga ni har shi ba mai ji. Shi hannuwansu yake kallo, yadda suke motsa sandunan rimot. Ni kuma in na zo wucewa da tire nakan tsaya bayansa. Abin da na lura da shi, mutanen nan ba sa ɗaura komai a jikin jirgi sai sun aza shi kan wani ɗan sikeli. Kusa ma sai sun auna. Na ce a raina waɗannan ko masu sayar da zinariya. Ban kawo komai ba a lokacin.

Hannuna ne ya gaya mini. Kullum da safe ni ke ɗauke jirgin daga ƙofar ɗaki in aza kan turmi in yi shara. Farkon zuwansa da yatsu biyu nake ɗaga shi. Wata safiya na miƙa hannu yadda na saba, sai na ji ya ƙi tasowa, sai da na kama shi da hannu sosai. Na tsaya riƙe da shi, tsintsiya a ɗaya hannun. Mace mai auna waken suya kullum ba a yi mata gardamar nauyi. Abin nan ya kusa ninka kansa. Injin da ke cikinsa kuwa shi ne dai na ranar farko, ɗan mitsitsi, bai kai babban yatsana ba. Sai na tuna sikelin mutanen bidiyo. Na kuma tuna cewa tun zaburar farko jirgin bai sake rabuwa da ƙasa ba. Yanzu in an tura masa wuta sai dai ya yi ƙugi, ya ja ciki ya zagaya turmi, ya tsaya yana wari.

Na ajiye shi a hankali, na ƙarasa sharata, ban ce wa kowa komai ba. In na buɗe baki, jirgi zai tashi, miji zai tashi. In na rufe, ga shi nan a gabana kullum, ina ganinsa, yara suna ganinsa. Da a ce iyakar lissafin ke nan da ban sha wahala ba. Amma mutumin da ke zaune a gaban nawa raguwa yake. Ya daina zuwa majalisa, don an fara kiran sa direban jirgi, in ya wuce ana tambayarsa yaushe za a fara jigilar alhazai. Ƙaninsa na garin Riko, wanda da mu ke aika wa, shi ya aiko mana da buhun gero. Ran da aka sauke buhun a zaure mijina bai fito ba, bai kuma ci tuwon ba. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa.

Sallah ma ta rikice mini. In na ɗaga hannu sai in rasa me zan roƙa. In ce Allah ya ba shi sa'a, na roƙa wa kaina tafiyarsa ke nan. In ce Allah ya hana, wace irin mace ce ke roƙon kada aikin mijinta ya yi kyau? Sai na koma cewa Allah ya zaɓa mana mafi alheri, ina faɗa ina jin tsoron kada a amsa ta ɓangaren da ba na so, kuma ko ɓangaren da ba na so ɗin ban tantance ba.

Yayata ta zo daga Daddara duba mu. Na ja ta ɗaki na gaya mata komai. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke wai mi ke damunki? Allah ya ɗaure miki miji a gida, ke kina neman wuƙar yanke igiya? Kin manta ɗan'uwanmu?"

"Yaya, ba ki ga yadda ya koma ba?"

"Ramamme a gabanki ya hi mai ƙiba da ba ki san inda shike ba. Ki kama bakinki. In ya nemi ƙarhe ma ki nemo mishi."

Na yi dariya don ta yi, amma da ta tafi maganar ba ta zauna mini ba. Ita ba ta jin yadda yake juyi a kan gado, ba ta ganin yadda yake kauce wa idon yara in sun dawo makaranta sun tarar da shi inda suka bar shi.

Akwai kuma abin da ban gaya mata ba, don ni ma ban san yadda zan faɗe shi ba. Wata rana da hantsi ina tankaɗe, na ɗago kai na gan shi ya aza jirgin a tafin hannunsa. Yana ɗaga shi yana saukewa a hankali, yadda ake yi in ana jin nauyin kaza a kasuwa. Ya daɗe yana haka, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Wannan fa mutum ne da zai dubi tayar mota daga nesa ya gaya maka an yi mata lodin da ya wuce ƙima. Na ce shi ke nan, ya gane. Sai ya ajiye jirgin, ya tashi ya shiga zaure, ya dawo da wani guntun ƙarfe ya fara auna shi a ƙarƙashin wutsiya.

To me zan ɗauka? Ko dai aƙidar tasa ce ta rufe masa ido, yana ganin jirgi ma mota ce, ƙarfe ne maganinta. Ko kuwa ya sani sarai, yana ƙara nauyin da gangan don kada maganar da ya faɗa ta cim masa. In na biyun ne, to ni da shi muna tsare da abu ɗaya ke nan, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. In kuwa na farkon ne, ina zaune ina kallon mijina yana dukan bango da kai alhali na san inda ƙofa take. Nakan zuba masa ido in yana aiki ko zan karanto wani abu, ba na ganin komai sai ƙeya da gumi. Abokin nasa kuma yakan kira jefi-jefi, ina jin muryarsa ta waya yana tambaya ko abiyo ya tashi. Amsar kullum ɗaya ce: saura ƙiris.

Ranar da abin ya fashe ba wata rana ba ce ta daban. Bayan la'asar ne, yara sun tafi islamiyya. Ya ɗaura batir, ya tura wuta har ƙarshe. Jirgin ya yi kuka, ya ja jiki, ya tsaya, wani siririn hayaƙi ya fito ta gefensa. Ya yi wuf ya cire batir, ya kai yatsa kan injin, ya janye da sauri. Ta bayan katanga na ji wata maƙwabciya tana cewa yau ma an fasa tashi, wasu suka sa dariya. Ya ji, na san ya ji. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya sa yatsan da ya ƙone a baki, ya ƙura wa turmi ido. Mutumin da ke shiga ƙarƙashin tirela yana ba ƙarti umarni. Ban shirya ba, ban yi shawara da zuciyata ba, na dai ji bakina ya buɗe.

"Ya yi nauyi."

Bai juyo ba. "Mi kinka ce?"

"Na ce ya yi nauyi, Maigida. Jirgi ba mota ba ce. Duk ƙarhen da ka ɗora mishi shi ke danne shi. Ɗan injin ga ba shi iyawa."

Ya cire yatsan daga baki ya dube shi. "Tun yaushe kinka gane?"

"An jima."

"Kinka yi shiru."

"Kai hwa? Ba ka sani ba?"

Na jira. Wallahi da ya ce e ko a'a da na samu inda zan tsaya. Sai ya jawo jirgin gabansa, ya shafa farantin da ya yi masa, ya shafa giyar tagullar nan da ta ci masa ido. Sannan ya ɗago ya dube ni, karon farko a ranar.

"In ɗebe?"

Raina ya ɓaci, ɓaci mai tsanani. Wato ni zai ɗora wa? Shi ya yi maganarsa a zaure ba da shawarata ba, shi ya yi ta lodin ƙarfensa, yanzu kuma ni zan yanke? Na so in ce masa ya je ya tambayi abokin nasa. Na so in ce a bar shi haka, mu ci geron Riko har Allah ya buɗe iyaka. Na dubi wuyan rigar nan da ya yi masa yawa, na dubi yatsan da ya tashi.

"Ɗebe," na ce. Na shige ɗaki na yi kukana.

Cirewar ba ta ɗauke shi lokaci ba ko kusa da yadda sawar ta ɗauka. Faranti ya fita, notin hanci ya fita, ƙarfen cikin wutsiya ya fita, ya maye shi da tsinken gora da ya fere siriri. Ya koma wa ƙarfen lema. Ya tono tsohuwar giyar roba, ashe bai yar ba, ya gina mata haƙora da sufa gulu da toka ya goge su. Maƙallan farfela ya bar na ƙarfen, amma ya yi musu huji-huji har suka koma kamar rariya. Rassan farfelar ya kankare su, ya riƙa aza su kan bakin wuƙata yana dubawa har suka daina rinjayar juna. Injin Allah ya taimaka bai ƙone duka ba. A kwanakin nan ya ci abinci sosai, har da neman ƙari, ni kuma kowace loma ya kai baki sai in ji kamar guzuri nake ba shi.

Da safe ya gwada, bayan yara sun fita. Na ce ba zan kalla ba, sai ga ni a bakin ƙofa. Farfela ta ɗauka, ƙarar ma ta canza, ta yi siriri. Jirgin ya ɗaga, ya yi tangal-tangal, ya gyara. Ya wuce turmi, ya wuce ƙugun mijina, ya kai kansa, igiya ta miƙe. Ya tsaya nan a iska yana ɗan lilo, iskarsa tana kaɗa mini zane. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a tsakar gidana ba, kuma ban taɓa ƙin abu kamar yadda na ƙi shi ba. Mijina ya ja sandar a hankali, jirgin ya sauko ya dira a kan ƙafafunsa. Farfela ta yi ta juyawa har ta tsaya don kanta. Ya ajiye rimot a kan turmi, ya ciro waya daga aljihu ya fita zaure.

Yana can bayan Agadas har yanzu. Yakan kira in ya samu hawa inda sabis yake, yakan aiko, ya ce aiki ya yi masa yawa, hannunsa ba ya hutawa. Wani lokaci a yi makonni ba labari, in kasa cin abinci, sai kuma waya ta yi ƙara. An buɗe iyaka daga baya, motoci sun fara dawowa, na gaya masa, ya ce to, bari dai ya ga ƙarshen aikin da ke gabansa.

Ran da zai tafi, abokin ya zo da babur ya tsaya a waje. Na raka shi har zaure riƙe da ledar dambun da na yi masa. Ya sallami yara, ya saɓa jaka. Na riƙe ledar ban sake ba.

"Maigida, don girman Allah ka gaya mini. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya yi ɗan murmushi, ya zare ledar daga hannuna.

"Da kin yi shiru," ya ce, "da har yau ina nan ina ƙara mishi ƙarhe."

Ya fita, babur ya tashi. Na tsaya a zauren har ƙarar ta ɓace. Na juya maganar nan ta kowace fuska a shekarun nan, kuma har yau ban san ko godiya ya yi mini ko zargi ba.